Zangon Kakanni a Gaɓar Teku

Da zarar an kammala girbin masara da dawa a Musawa da Malumfashi, matasanmu kan saɓa jaka su nufi Legas cin rani. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa daga Badagiri hanya ta miƙe yamma, tana bin gaɓar teku a inuwar itatuwan kwakwa: Kwatano, Wida, Lome, Keta, har Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina sansaninsu a 1482.

Baƙi daga Turai kan bi hanyar nan da mota, su kafa tanti bisa rairayi. Bahaushe kuwa ba ya bukatar tanti, domin da wuya ya shiga gari bai tarar da unguwar Zango ba. Fatake da malamai da tsofaffin sojoji ne suka yada zango a can, har masauki ya zama mazauni, ga masallaci, ga mai shayi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta kuma ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba biza.

Sai dai zangunan nan ba su da tabbas. A 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon Zangon Lome, suka mai da mutanensa bayan gari. Dattawan da suka san wanda ya fara sauka kuma ƙarewa suke yi. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma su riƙa tura ɗalibai lokacin hutu, su bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya, su ɗauko tarihin daga bakin masu shi tun suna raye.