Gwajin maganin da ba a wallafa ba: yadda yake shafar majinyaci a Nahuce

Ma'aikacin lafiya a Nahuce da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu ba shi da lokacin karanta ɗaruruwan gwaje-gwajen magani. Ƙa'idojin da aka ba shi yake bi, su kuwa galibi an gina su ne kan nazarin da ke tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa ya fitar da hukunci guda.

Matsalar ita ce gwajin da ya nuna magani ya yi aiki ya fi samun shiga mujalla. Wanda ya nuna bai yi ba, sau da yawa a durowa yake ƙarewa. Kamar mai hatsi ne da ya ɗora tsaba mai kyau a bakin buhu.

A 2008, Erick Turner da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka yi wa rajista a hukumar FDA ta Amurka. Cikin 38 da suka yi kyau, an wallafa 37. Cikin sauran 36, guda 22 ba su taɓa fitowa ba, 11 kuma an rubuta su kamar an yi nasara.

Masana na da dabarun gyara. Suna jera gwaje-gwajen a zane mai siffar mazurari; idan gefe ɗaya ya zama wayam, alama ce wasu sun ɓace. A 1997 Matthias Egger ya fito da hanyar auna wannan karkata, a 2000 kuma Duval da Tweedie suka kawo dabarar cike gurbin da ƙiyasi. Amma ƙiyasi ne kawai, kuma idan gwaje-gwajen ba su kai goma ba, awon ba abin dogaro ba ne. Wasu cututtukan da ke damun karkarar Zamfara kuwa ba kasafai ake yi musu gwaji da yawa ba.

Shi ya sa rajista tun kafin a fara gwaji ta fi kowane lissafi amfani. Afirka na da rumbunta, PACTR, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a bayyana sakamakon kowane gwaji, ya yi daɗi ko bai yi ba.

Arewa ta san tsadar rufa-rufa. Gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, sai a 2000 jaridar Washington Post ta bankaɗo shi. Zargin da ya biyo baya na cikin abin da aka riƙa ambata a 2003, lokacin da Kano da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan-inna.