Alƙalami Da Tukunya: Darasi Daga Marubutan Minna

A kowace shekara, da zarar manyan makarantu sun yaye ɗalibansu, akan sami samari da 'yan mata a Minna da sauran garuruwan ƙasar nan waɗanda suka ƙudurta a ransu cewa ba za su yi wa kowa aikin albashi ba, da alƙalaminsu za su ci abinci. Waɗansu ma suna da aikin a hannu, na koyarwa ko na ofis, amma suna shirin ajiye shi domin su zama marubuta masu zaman kansu, watau waɗanda ba su ƙarƙashin wata jarida ko wani kamfani, sai dai su rubuta su sayar wa wanda ya biya. Wannan niyya ba ta da laifi. Amma kafin mutum ya miƙa takardar barin aiki, ya kamata ya dubi yadda waɗanda suka riga shi suka yi, kuma in dai don wannan ne, da wuya a sami garin da ya fi Minna abin dubawa.

Minna gari ne wanda jirgin ƙasa ya raya shi tun wajen 1911, kafin ya zama babban birnin Jihar Neja cikin 1976. Hanyar jirgin nan ta tara masa mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya, har aka haifi marubuta biyu a cikinsa waɗanda duniya ta san sunansu, ban da waɗanda jihar ta haifa a garuruwan da ke kewaye. Wanda ya bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya zai ga abu guda yana maimaituwa: kusan dukkansu sun riƙe wata sana'a a hannu ɗaya, alƙalami a ɗaya hannun, kuma wanda ya dogara da alƙalami kaɗai tun yana yaro ya sha wuya ƙwarai kafin ya ga amfaninsa.

A fara da wanda masu karatun Hausa suka fi sani. An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, garin da yake cikin Jihar Neja yanzu. Sa'ad da ya shiga gasar rubuta littattafan hira ta 1933 da Ruwan Bagaja, malamin makaranta ne a Midil ta Katsina, yana da albashinsa. Magana Jari Ce ma ya rubuta shi ne sa'ad da aka aro shi daga makaranta zuwa ofishin talifi na Zariya. Daga 1939 kuwa shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, har tsawon shekara 12. Watau mutumin da har gobe ake karanta littattafansa a makarantu bai taɓa jiran cinikin littafi ba kafin a ɗora tukunya a gidansa.

Haka kuma Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna ran 26 ga watan Satumba 1921. Ya koyi aikin gandun daji ya kuma yi shi, ya koyar a makaranta a Legas, ya koyi haɗa magunguna har Ingila, sa'an nan ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya, daga baya ya zama Darektan Watsa Labarai na Tarayya. Duk a cikin waɗannan ayyuka ne ya fitar da People of the City cikin 1954, da The Passport of Mallam Ilia cikin 1960, da Jagua Nana cikin 1961, da Burning Grass cikin 1962. Abin lura a nan shi ne ayyukan nan ba su hana shi rubutu ba, su ne ma suka ba shi abin rubutawa. Zamansa a Arewa da yawon da ya yi cikin daji ne suka sa ya iya ba da labarin Fulani makiyaya, zaman Legas kuwa ya nuna masa halin mutanen birni. Bugu da ƙari bai raina ƙaramar kasuwa ba: ya rubuta ƙaramin littafin soyayya irin wanda ake sayarwa a kasuwar Anaca, ya rubuta gajerun labarai na rediyo, ya rubuta na yaran makaranta.

Na uku shi ne Marigayi Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai, wanda aka haifa cikin 1952 ya rasu cikin 2015. Ilmin tattalin arziki ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi aikin gwamnatin Jihar Neja har ya kai Babban Sakatare, ya kuma yi aikin banki. Amma daga 1985, shekarar da Trail of Sacrifice ya fito, bai ajiye alƙalami ba: ga Witnesses to Tears cikin 1986, ga Sunset for a Mandarin cikin 1991, ga Sacred Apples cikin 1994. Daga 1997 zuwa 2001 shi ne shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, watau ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta cikin 1981.

Wanda ya fi kusa da marubuci mai zaman kansa na ainihi shi ne Ben Okri, haifaffen Minna ran 15 ga watan Maris 1959. Tun yana saurayi a Legas ya riƙa rubuta maƙaloli a kan halin zaman talakawa, amma jaridu ba su buga ba. Bai yi fushi ya daina ba, sai ya juya waɗannan maƙaloli suka zama gajerun labarai, mujallun mata da jaridun yamma suka karɓa. Cikin 1978 ya tafi Ingila, ya shiga Jami'ar Essex, amma da kuɗin tallafin karatunsa suka yanke sai ya rasa wurin kwana, har ya kwana a filayen shaƙatawa da ɗakunan abokai, alhali littafinsa na farko, Flowers and Shadows, ya fito tun 1980. Daga baya ya riƙa yi wa BBC aiki jefi-jefi, ya kuma zama editan waƙoƙi na mujallar West Africa daga 1983 zuwa 1986. Sai cikin 1991 ne The Famished Road ya ci kyautar Booker ta fam 20,000. Masu ba da labarinsa sukan yi saurin kaiwa ga kyautar, su tsallake shekara 11 da ke tsakanin littafin farko da ita. To, a cikin waɗannan shekaru ne darasin yake.

Dalilin da ya sa littafi kaɗai ba ya ciyar da mai shi a fili yake ga wanda ya yi lissafi. Galibi kason da kamfanin ɗab'i yake ba marubuci bai wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin littafin ba. A ƙaddara littafi ana sayar da shi naira 2,000, aka kuma yi sa'a kwafe 1,000 suka ƙare: rabon marubuci naira 200,000 ke nan, watau bai kai albashi mafi ƙanƙanta na wata uku ba, tun da an tsai da shi a naira 70,000 cikin 2024. Littafin kuwa ya iya cin shekara guda ana rubuta shi. Har ila yau, tun daga matsin tattalin arziki na 1986 darajar naira ta yi ta faɗuwa, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe, takarda ta koma sai an shigo da ita daga waje, manyan kamfanonin ɗab'i kuma suka mai da hankali ga littattafan makaranta. Wannan yana cikin abin da ya sa marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai su kasuwa da kansu. Sun nuna cewa ana iya yi, amma sun nuna kuma cewa wanda ya bi wannan hanya ya zama ɗan kasuwa, dole ya san farashin takarda, da halin dillalai, da masu satar fasaha.

Saboda haka abu na farko da ya wajaba ga mai son wannan sana'a shi ne kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya fara rubutun yana kan aikinsa, da asuba ko bayan Isha'i, ya riƙa rubuta abin da alƙalami ya kawo masa kowane wata a littafi na dabam. In ya ga kuɗin rubutu sun kai albashinsa wata bayan wata har shekara ta zagayo, ya kuma tara abin da zai riƙe gidansa na waɗansu watanni, to sa'an nan maganar barin aiki ta taso. Mai iyali da ya ajiye aiki domin maƙala ɗaya ta sami yabo, 'ya'yansa ne za su biya kuɗin gangancinsa.

Abu na biyu, kada ya tsaya a ƙofa ɗaya. A Minna akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Ilmi ta Jiha, a Lapai akwai Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida, kuma malamansu suna bukatar mai gyara musu rubutu kafin a kai maɗaba'a. Jihar tana da Nufawa da Gwarawa da Kambari da Hausawa da waɗansu kabilu, don haka sanarwar lafiya ko ta aikin gona ba ta isa ƙauye sai an fassara ta, wanda ya iya harshe biyu sosai kuwa yana da jari. Akwai wasan kwaikwayo na rediyo, da labarin fim, da tarihin rayuwar dattawa wanda iyalansu suke so a rubuta. Daɗin daɗawa, abin da Ekwensi da Okri ba su samu ba matasan yau sun samu: su sai da suka bar gari kafin su isa kasuwar rubutu, amma yanzu ta intanet mutum yana zaune a Bosso ko Chanchaga ya aika wa edita a Abuja ko Landan. Misali, mawaƙi Saddiq Dzukogi ya taso ne a Minna, inda mahaifinsa B.M. Dzukogi ya kafa cibiyar Hill-Top mai horar da yara marubuta, kuma cikin 2021 maɗaba'ar Jami'ar Nebraska ta Amurka ta buga littafin waƙoƙinsa.

Abu na uku shi ne takarda. Yawancin kukan da marubuta masu zaman kansu suke yi na rashin biya ya samo asali ne daga aikin da aka ƙulla da fatar baki, domin kunya ta hana a yi maganar kuɗi. Tela ba ya yanka yadi sai an yi ciniki, magini ba ya ɗora bulo sai ya karɓi kafin alƙalami, to me zai sa mai alƙalamin kansa ya yi aiki a kan "Allah ya ba mu alheri"? Kafin a fara, a rubuta yawan aikin, da kuɗinsa, da ranar miƙawa, da ranar biya, da sau nawa za a yi gyara, ko da a saƙon waya ne wanda za a iya adanawa. A babban aiki kuma a karɓi wani abu tun farko. Haka nan ya kamata marubuci ya san cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin 2023, ta kare rubutunsa muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma sayar da wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Akwai bambanci mai girma tsakanin ba jarida izinin buga labari sau ɗaya da sayar mata da shi ɗungum. Wanda ya sayar ɗungum don kuɗin cefanen mako guda, gadon marayunsa ya sayar, domin in gobe aka mai da labarin fim ko aka sa shi cikin manhajar makarantu ba shi da ta cewa.

Abu na huɗu, marubuci mai zaman kansa shi ne akawun kansa, shi ne ma'ajin kansa. Ba shi da fansho, ba shi da hutun ciwo, kuɗinsa kuma kamar ruwan sama suke, wata rana ambaliya wata rana fari. Dabara ita ce ya yanka wa kansa albashi daidai gwargwado daga abin da ya shigo, ragowar ya ajiye don watan da babu. Cikin 2019 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta ƙaddamar da tsarin da masu sana'ar kansu za su riƙa tara wa tsufansu kaɗan-kaɗan, wanda bai gamsu da wannan ba kuwa ga adashi nan. Kuɗin lantarki da na intanet da gyaran kwamfuta duk su shiga lissafin farashi, in ba haka ba mutum zai yi ta aiki yana cin uwar kuɗinsa bai sani ba.

Abu na ƙarshe ya fi dukkan sauran nauyi, shi ne suna. Akwai ayyuka biyu masu saurin kawo kuɗi waɗanda sukan yi wa matasa tayi. Ɗaya shi ne rubuta wa ɗalibi kundin kammala karatu ya sa sunansa, wanda ha'inci ne ga makaranta da jama'ar da ɗalibin zai yi wa aiki gobe. Ɗayan kuwa yakan zo da kakar zaɓe, sa'ad da ake neman mai wasa wani ɗan takara ya ci mutuncin wani. Ban da haɗarin shari'a, tun da an sha gurfanar da marubuta da 'yan jarida a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka san alƙalaminsa na haya ne babu editan kirki da zai sake yarda da labarinsa. Zaɓe kuwa shekara huɗu-huɗu ne, sauran shekarun da me zai ci? Rubuta wa shugaba jawabi ko bayanin aikinsa sana'a ce halal, muddin ba a saka ƙarya ba, kuma ba a kawo shi jarida da sunan labari ba.

Ba a faɗi duk wannan don a karya wa kowa gwiwa ba. Ƙasar nan tana bukatar marubuta, harshen Hausa ma ya fi bukata. Abin da tarihin Imam da Ekwensi da Gimba da Okri ya nuna shi ne baiwa ita ce farkon tafiya, sauran kuwa haƙuri ne da lissafi da riƙon amana. Saurayin da ke zaune yau a Minna da takardar barin aiki cikin aljihu, ya mai da ita akwati tukuna, ya sayi littafin lissafi, ya rubuta kwanan wata a shafin farko. In shekara ta zagayo, littafin nan ne zai gaya masa ko lokaci ya yi.