Kafin ka miƙa wa lauya kafin alƙalami

Yau maganar da ba a son ji za mu taɓa: mutuwar aure, da kuɗin da lauya ke karɓa a kanta. Allah ya kiyashe mu, amma in ta zo, gara mutum ya shiga da idonsa buɗe.

A zangonninmu na Ghana, Kumasi ne ko Nima, yawanci a gida ake kashe maganar saki, gaban liman da iyaye. Sai dai in akwai gida ko shagon da aka tara tare, ko rigimar riƙon yara, magana kan kai kotu. Sashe na 22 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce dukiyar da ma'aurata suka tara tare a raba ta da adalci in aure ya mutu. To, a nan lauya ke shigowa.

Wani lauyan kan yanka farashi ɗaya na shari'ar gaba ɗaya. Wani kuma lokacinsa yake sayarwa, awa-awa, har kiran waya yana iya shiga lissafi. Wani duk zaman kotu da kuɗinsa, ka ga duk ranar da aka ɗage shari'a aljihunka ne ya ji a jikinsa. Ka tambaya tun ranar farko: wanne ne tsarinka? Kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci suna ciki, ko dabam ne? In aka yi sulhu a tsakiyar hanya, nawa za a maido? Abin da kuka yi ittifaƙi a kai a rubuta, kowa ya sa hannu. Mu da ba ma sakin buhun goro sai an rubuta a littafi, ina dalilin sakin dubban sidi da baki kawai?

Abu na biyu ya ma fi muhimmanci. Ladan lauya dabam, kuɗin da ya riƙe maka dabam. In an sayar da fili, ko tsohon miji ya biya kuɗin ciyar da yara ta hannun lauya, wannan amana ce. Ƙa'idar aikinsu ta ce a ajiye irin wannan kuɗi a asusun banki na musamman, kada ya cakuɗu da na lauyan. Ke 'yar'uwa, kada kunya ta hana ki tambayar nawa ya shigo, yaushe, kuma me aka cire. Ko ta waya kika tura kuɗi, karɓi rasit.

In lissafi ya yi kauri, ba a rasa mafita ba. Dokar aikin lauya ta 1960 ta ce lauya ba zai kai ka ƙara kan ladansa ba sai wata guda bayan ya ba ka lissafi a rubuce, kuma kana iya roƙon kotu ta duba lissafin. Wanda aka ci amanarsa ya kai kuka General Legal Council, majalisar da ke ladabtar da lauyoyi. Marar hali kuwa ya nufi Legal Aid Commission, hukumar da ke taimaka wa talaka da lauya.

Kowane sidin da shari'a ta ci, daga bakin yara aka cire shi. Abin da za a iya daidaitawa gaban manya a daidaita, ragowar a kai wa lauya da takarda a hannu. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya.