Nawa Ne Kuɗin Ambaliyar Hadejia?

Idan gwamnati za ta gina dam, injiniyoyi sukan lissafa buhunan shinkafa da alkamar da za a noma da ruwansa. Kifin da masunta za su rasa a Nguru kuwa, ba mai rubuta shi, don ba shi da rasit.

Bayan an kammala dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, ambaliyar da ke jiƙa fadamar Hadejia da Nguru ta ragu sosai. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka ƙiyasta abin da fadamar ke bayarwa: noma, kamun kifi da itacen girki. Da suka kwatanta da shirin noman rani na Kogin Kano, suka tarar ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi riba nesa ba kusa ba. Kuma fa ba su sa kiwon Fulani a lissafin ba, balle ruwan da ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin Jigawa da Yobe.

Wasu na cewa sa wa baiwar Allah farashi rashin kunya ne. Ni kuwa ina ganin abin da ba shi da farashi, a ofis sifiri ake ba shi. Kafin a sake tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, a fara lissafa asarar masunta da makiyaya da naira, a buga kowa ya gani.