Sikirin ɗin Wayarka da Na'urar Hoton Asibiti 'Yan Gida Ɗaya Ne

Yau ba saitin waya za mu yi ba, ba kuma maganar batirin da ke saurin mutuwa ba. Magana ce a kan wani masanin kimiyya da da wuya ka taɓa jin sunansa, Farfesa John Rowlands, wanda ya daɗe yana bincike a asibitin Sunnybrook da Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada. Aikinsa ya haɗa abubuwa biyu da ba ka zaci suna da dangantaka ba: sikirin ɗin da kake karanta wannan rubutu a kai, da na'urar eksire da za a ɗauki hoton mahaifiyarka da ita ranar da likita ya ce "a je a yi hoto".

Bari mu fara da abin da ke hannunka. Ko LCD ne sikirin ɗinka ko OLED, a bayansa akwai ƙananan ɗigo-ɗigo jere layi-layi. Wayar da ke da ɗigo 1080 a faɗi da 2400 a tsawo tana da ɗigo sama da miliyan biyu da rabi, kuma kowanne da ɗan makunninsa, wato taranzisto siriri da aka shimfiɗa a jikin gilashin. Allon wayar ne ke aika wa kowane ɗigo wutar da yake buƙata, sai hoto ya fito. Layin nan kore ko fari da ke tsagowa idan waya ta faɗi, galibi hanyar wutar layi guda ce ta tsinke. Irin wannan taranzisto na siliki da ake shimfiɗawa a kan gilashi, masana ne a Jami'ar Dundee da ke Birtaniya, su Walter Spear da Peter LeComber, suka nuna yana aiki a 1979.

To ina eksire ya shigo? Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken eksire a 1895. Daga nan aka yi kusan shekara ɗari ana ɗaukar hoton a kan fim, baƙar ledar nan da likita ke ɗagawa yana dubawa a gaban fitila. Sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke shi da sinadarai, an jira ya bushe. In bai fito da kyau ba, a sake ɗauka, majinyaci ya ƙara shan hasken da ba a so ya yi yawa a jiki. In ya ɓace a gida, shi kenan.

A 1995, shekara ɗari cif bayan Röntgen, Rowlands da ɗalibarsa Wei Zhao suka wallafa binciken da ya nuna za a iya juya aikin sikirin baya. Maimakon a aika wa ɗigo wuta ya ba da hoto, sai ɗigon ya tara wutar da hoto ya haifar, a karanta shi layi bayan layi a tura wa kwamfuta. Abin da ya rage shi ne a samu sinadarin da zai mayar da hasken eksire ya zama wuta. Nan suka ɗauko seleniyom, sinadarin da aka daɗe ana shafawa a gangar injin fotokofi tun zamanin injunan Xerox na farko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yadda abin yake aiki. Ana shimfiɗa seleniyom a kan allon taranziston, kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita idan na hoton mama ne, a sa masa wuta mai ƙarfin dubban bolt. Hasken eksire da ya ratsa jikin mutum yana dukan seleniyom ɗin, sai caji ya saki, ƙarfin wutar nan ya ja shi tsaye cak zuwa ɗigon da ke ƙarƙashinsa. Ba ya kauce dama ko hagu. Akwai wata hanyar kuma, wadda su Larry Antonuk na Jami'ar Michigan da Robert Street na cibiyar binciken Xerox suka yi fice a kai: a fara mayar da eksire ya zama haske na gani da ido, sannan a mayar da hasken ya zama wuta. Tana aiki sosai, sai dai haske yakan ɗan bazu, kamar ka haska tocila cikin hazon hunturu. Hanyar seleniyom ta tsallake wannan matakin, shi ya sa hotonta ke fita da kaifi.

Kaifin nan ba ado ba ne. Wani lokaci alamar farko ta sankarar mama wasu 'yan ƙananan ɗigo ne da ba su kai rabin milimita ba, tun kafin hannu ya ji wani ƙullutu. Na'urar da ta gan su da wuri ta ba mace damar fara magani da wuri. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Selenia mai amfani da seleniyom. A 2005 kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a kan mata kusan 49,500 a Amurka da Kanada, wanda ya nuna hoton dijital ya fi fim gano cutar a matan da ba su kai shekara 50 ba, da masu tsokar mama mai kauri.

Gaskiya ɗaya ce, ba Rowlands kaɗai ya yi wannan aiki ba. A daidai lokacin, injiniyoyin kamfanin DuPont a Amurka suna kan irin wannan hanya, shi kuma Safa Kasap na Jami'ar Saskatchewan ya yi shekaru tare da shi suna nazarin halayen seleniyom. Kuma in ka je hoton ƙirji ko na ƙashi yau, sau da yawa ɗaya hanyar ce a cikin na'urar. A hoton mama ne seleniyom ya fi ƙarfi. To me ya sa na zaɓe shi?

Saboda irin tunaninsa. Bai jira an ƙirƙiro wani sabon abu daga sama ba. Ya duba abin da masana'antu suka riga suka iya yi da yawa, sikirin da fotokofi, ya tambayi kansa ko za su yi wa marar lafiya amfani. Bayan na'urar ta shiga kasuwa kuma bai ce ya gama ba. Ya koma garin Thunder Bay a lardin Ontario yana neman hanyar da ta fi arha, inda aka haɗa seleniyom da ruwan nan na cikin LCD, a karanta hoton da sikana. Ba ita ake gani a yawancin asibitoci ba, amma tambayar da ya bi ita ce daidai: wa zai iya biya? A ra'ayina da wannan ya kamata a auna mai bincike, ba da yawan takardun da ya rubuta ba.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da farfesan Kanada? Ruwanmu yana nan. Seleniyom ɗin da ke cikin waɗannan na'urori ba ya shiri da zafi. In ya daɗe a wuri mai zafi sai ya fara sauya yanayi, hoto ya lalace. Shi ya sa ake gauraya shi da ɗan asenik don ya ƙara juriya, ake kuma ajiye na'urar a ɗaki mai sanyi. Kai da ni mun san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mun kuma san abin da wuta mai hawa da sauka ke yi wa caja da allon waya. Na'urar miliyoyin kuɗi za ta iya zama kwandon shara a ɗakin da babu sanyi, babu tsayayyar wuta, babu wanda ya iya duba ta. Saboda haka idan ka ji an yi bikin kawo sabuwar na'urar hoto a garinku, tambayar da za ka yi ita ce: an tanadi sola ko inbata? An horar da wanda zai kula da ita? Ina za a samo kayan gyaranta?

A nan nake kira ga 'yan uwana masu gyaran waya da matasa masu sha'awar lantarki. Hannun da ya iya ɗaga ƙaramin IC a ƙarƙashin madubi, ya iya bin layin wuta da mita har ya gano inda ya tsinke, ya riga ya yi nisa. Akwai fannin gyaran na'urorin asibiti da ake koyarwa a manyan makarantu, kuma ana neman masu shi. Amma a kula, ba na'urar da za ka buɗe da sukundireba don ka iya waya ba ce. Akwai wuta mai kisa a ciki, ga kuma hasken da ke illa. Sai da karatu da izini.

Kai kuma mai riƙe da waya, ga abu biyu ka tafi da su. Na ɗaya, duk manhajar da ta ce za ta nuna maka ƙashin hannunka da kyamara wasa ne kawai ko yaudara. Waya ba ta fitar da hasken eksire, kada ka ba kowa kuɗinka ko bayananka a kan haka. Na biyu, in an yi maka hoton dijital a asibiti, ka nemi a ba ka ainihin fayil ɗin a faifai ko filasha. Hoton asibiti yana ɗauke da dubban matakai tsakanin fari da baƙi, hoton waya na yau da kullum 256 kawai yake da su, WhatsApp kuma ya ƙara matse shi. In dole sai ka tura wa likita ta waya, ka tura shi a matsayin fayil, ba ka ɗauki hoton hoto ba. Ɗan ɗigon da masana suka yi shekaru suna wahalar ganin ya fito, kada ka bari ya ɓace a wurin turawa.

Ka tura wa wanda ka san yana da majinyaci ko yana aikin asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana ilimi mai amfani.