Na'urar Totur Ba Ita Ce Maganin Tsadar Mai Ba

Tun shekarar 2015 da gwamnatin Ghana ta sakar wa kamfanoni ikon yanke farashin mai, duk bayan mako biyu direbobi kan zuba ido su ga yadda za ta kaya. A 2025 kuma aka ƙara harajin sidi 1 kan kowace lita. Saboda haka ba mamaki masu Hilux da Prado da ke zirga-zirga tsakanin Paga, Bolgatanga da Bawku su yi sha'awar 'yar na'urar nan da ake jonawa a totur, wai tana ƙara ƙarfi, tana rage shan mai.

Gaskiyar magana, ba ta ƙara wa inji komai. Saƙon ƙafar direba kawai take sauyawa kafin ya isa ƙwaƙwalwar mota. In an saita ta a sauri, da an ɗan taka sai mota ta zabura, mai ya ƙara tafiya, taya kuma na iya zamewa a yashi ko taɓo. In an saita ta a tsimi, aikin da direba mai haƙuri zai yi kyauta take yi.

'Yan kasuwa, gara a canja filtar iska, a duba iskar taya, a daina lodin wuce kima. Nan ribar take.