Haruffan Masu Kwashe Shara Na Memfis

A wannan mako ina so mu ɗan leƙa Amurka.

Ran 1 ga Fabrairu, 1968, a birnin Memfis, motar kwashe shara ta matse wasu ma'aikata biyu baƙar fata, Echol Cole da Robert Walker, suka mutu. Ruwan sama suka shiga fakewa a bayanta. Ba a yi mako biyu ba abokan aikinsu wajen 1,300 suka shiga yajin aiki. Da suka fito titi, kowa na ɗauke da farin kwali, rubutun duk iri ɗaya: haruffa baƙaƙe, dogaye, masu kauri. Kalmomi huɗu ne na Turanci, ma'anarsu "ni mutum ne", an ja layi a ƙarƙashin ta biyu. Dalili kuwa, magidanci ko ya yi furfura, "yaro" Turawa ke kiransa. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King garin, inda aka harbe shi ran 4 ga Afrilu.

To, a 2016 wani matashi baƙar fata, Tré Seals, ya kafa kamfanin zana haruffan ɗab'i mai suna Vocal Type. Ya duba hotunan kwalayen nan, ya zana cikakken jerin haruffa bisa kamanninsu, ya sa masa suna Martin. Wani jerin kuma ya kira shi Bayard, don tunawa da Bayard Rustin, wanda ya shirya babbar zanga-zangar Washinton ta 1963.

Da na ba wata malama labarin nan, cewa ta yi, "Malama, harafi ai harafi ne." Ni kam ban yarda ba. Duk wadda ta taɓa riƙe alli ta san yarinyar layin baya ba ta ganin siririn rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Wannan na katin biki ne. Mai neman haƙƙinsa sai rubutun da za a karanto daga nesa, ko a hoton jarida. Shi ya sa a 2020, bayan kashe George Floyd, da haruffan Martin aka yi rubutu a kan titi a birnin Newark.

Abu guda dai ke damuna. Sunan Martin kowa ya san shi, amma mutum zai iya buga talla da haruffan nan bai taɓa jin Cole da Walker ba. Don haka ran Litinin zan rubuta sunayensu a allo da manyan haruffa, 'yan ajina su kwafa. Ku ma iyaye, a tambayi yara in sun dawo gida.